A Jos, Inda Baturen 'Yan Sanda Ke Bin Layi

Takardar umarni ta 'yan sanda ba ta san dogon zance ba. Sigina ce ta zo daga hedikwata ɗauke da jerin sunaye da lambobi, a ƙasa kuma aka ce kowa ya miƙa ragamar ofishinsa ga mai bi masa, ya hallara a Kwalejin Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda da ke Jos kafin ranar da aka yanka. Sunana na ciki. Na damƙa wa mataimakina makullan ɗakin makamai da rajistar waɗanda ke tsare, na haɗa kaki da takalma da rigar sanyi, na kama hanya.

Mai zuwa Jos daga Kano yakan bi titin Zariya har Kwanar Dangora, nan ya karya hagu ya nufi Tudun Wada. Gaba kaɗan sai Dajin Falgore, inda hira kan mutu a cikin mota, direba ya ƙara wuta, mai carbi ya ja carbinsa. Ana wuce Doguwa sai a faɗa Jihar Kaduna, a iske Saminaka da buhunan masararta jibge a bakin titi. Daga Jengre ƙasa ke fara tashi. Kunne ya ɗan toshe, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, duwatsu su bayyana wani a kan wani, gonaki kuma a kewaye da shingen ƙyarana. Jos na zaune a kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuwa sun haura mita 1,800. Mutumin Kano ba ya bukatar a karanta masa waɗannan alƙaluma, fatar jikinsa ce ke sanar da shi tun kafin ya iso Farin Gada, inda kabeji da karas da dankalin turawa ke tule a kasuwa.

Kwalejin tana kudu da birnin, ta ɓangaren Bukuru. A bakin ƙofa mai gadi ya ƙame ya sara mini, iyakar girmamawar da muƙamina ya saya mini ke nan a ranar. Ina shiga aka ba ni lamba, aka ba ni ɗaki, aka rubuta sunana a rukunin da ake kira sindiket, aka miƙo mini jadawalin da ya yanka yini gunduwa-gunduwa tun daga asuba har bayan isha'i.

A ofishinsa, baturen 'yan sanda ba ya ɗaukar jakarsa, ba ya buɗe wa kansa ƙofar mota, ba ya neman kujera. Akwai odali, akwai direba, akwai mai buga masa takarda, in ya yi gyaran murya mutum uku ne za su leƙo. Duk waɗannan a waje ake barin su. A ciki kowa shi zai kula da gugar kakinsa, shi zai riƙe farantinsa ya bi layi, shi zai duba allo ya ga ina ake nemansa da ƙarfe nawa. Mutanen da ke layin nan kuwa kowannensu ya bar gari guda da ke tashi tsaye in ya shigo.

Maƙwabcin ɗakina mutumin Enugu ne, amma ya daɗe yana aiki a Gusau da Birnin Kebbi, Hausarsa har da karin Sakkwatanci. Daren farko na same shi zaune a bakin ƙofa da takalminsa a cinya. Ya zuba ruwa kaɗan a murfin gwangwanin man takalmi, ya naɗe yatsarsa da auduga, ya dangwali mai, ya dangwali ruwa, yana murzawa a kan hancin takalmin a zagaye, a hankali, har fatar ta fara ɗaukar hasken ƙwan lantarki. Ya ɗago ya dube ni.

"Mutumina, rabona da wannan aiki tun ina kadet. Ashe hannu bai manta ba, baya ne ya manta da sunkuyo."

Da sanyin asuba begila ke tashin mutane. A lokacin hunturu sanyin Jos na dare yakan sauko wajen digiri 10, ruwan alwala ya zama abin da sai an yi shahada ake taɓa shi. Musulmi su nufi masallaci, Kirista su yi addu'arsu ta safe, sa'an nan a haɗu a fili cikin kayan motsa jiki. Nan ne asirin kujerar ofis ke tonuwa. Tumbin da kaki ke rufa wa asiri, riga mai ƙaramin hannu ba ta iya ɓoye shi. Mai ba da horon kuma saje ne, wanda a ko'ina cikin ƙasar nan shi ne zai ƙame wa kowane ɗayanmu. A filin nan muryarsa ce doka, sai dai bai taɓa yar da ladabi ba.

"Ranku ya daɗe, a ɗaga gwiwa! Yallaɓai na baya, na gan ka, tafiya kake yi. Yallaɓai, don Allah a daure, saura zagaye ɗaya."

Zagaye ɗayan nan nasa ba ya ƙarewa. Muna haki, muna dariya, muna bi. Na daɗe ban ga umarni mai tsabta irin nasa ba. Ba ya zagi, ba ya barazana, ba shi da ikon rage wa kowa albashi, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi masa gardama, domin duk abin da ya ce a yi, shi ne a gaba yana yi, ya kuma fi kowa iyawa.

Bayan wanka da karin kumallo, shayi da burodi da ƙwai ko koko da ƙosai, sai a shiga aji. Kwamandan kwalejin babban jami'i ne mai muƙamin Mataimakin Sufeto Janar, malaman kuwa wasu 'yan sanda ne, wasu an gayyato su daga jami'a da kotu da sauran hukumomin tsaro. Ana koyar da tsara aiki, da kula da kuɗi da kayan gwamnati, da rubuta rahoto, da magana da 'yan jarida. Amma laccar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta doka.

Dokokin da ɗan sanda ke aiki da su sun sauya sosai cikin 'yan shekarun nan. A 2015 aka kafa dokar gudanar da shari'ar laifuka, jihohi kuma suka bi da irin nasu. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. A 2020 sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta maye gurbin wadda aka gada tun 1943, zamanin Turawa, a cikin watan Oktoban shekarar kuma zanga-zangar EndSARS ta kai ga rushe rundunar SARS. Abin da waɗannan dokoki suka ce a fili yake. Ba a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Ba a tsare mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Mace na da damar tsaya wa mutum beli. Majistare zai riƙa ziyartar caji ofis duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma tun tuni ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace.

Wata lauya ce ta gabatar da wannan darasi. Ba ta fara da karanto sassa ba, tambaya ta jefo.

"Yallaɓai, wa ya san mutum nawa suka kwana a bayan kantarsa daren da ya baro ofis?"

Hannuwa suka tashi da yawa.

"Wa ya san sunan kowannensu, da abin da ake tuhumarsa da shi, da ƙarfe nawa aka kawo shi?"

Hannuwan suka ragu. Wani jami'i da ke riƙe da wani yanki mai nisa a ƙauye ya miƙe, ransa a ɗan ɓace.

"Hajiya, da sauƙin faɗa a nan. Ni inda nake alƙali ɗaya ne ke zagaya kotu uku. Motar sintiri ɗaya gare ni, ranar da na kai mutum kotu, ranar ba sintiri. In na saki ɓarawon shanu kuma, kafin magariba mutanen gari sun ce an saye ni."

Ba ta musa masa ba. Ta ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ta kuma san wuraren da suka fi nasa wuya. Sai ta ce ya raba matsalarsa gida biyu: wadda sai da kuɗi daga sama, da wadda biro kawai take bukata. Rubuta sa'ar da aka kawo mutum a dayari ba ya cin mai. Sanar da danginsa inda yake ba ya cin mai. Ba da beli a ofis kan ƙaramin laifi, ba tare da an nemi ko sisi ba, shi ma haka. Mai babban laifi kuwa doka ta buɗe hanyar neman izinin tsarewa daga majistare. Muhawarar ba ta ƙare a aji ba, ta bi mu har ɗakin cin abinci, ana cin shinkafa ana ɗaga cokali ana kafa hujja.

Da rana ake komawa sindiket, kuma a nan ne na ga ainihin abin da aka tara mu dominsa. Mutum goma sha wani abu a ɗaki ɗaya, muƙaminsu ɗaya ko kusa da juna, ba mai iya rufe bakin wani da cewa "umarni ne". Shugabancin rukuni yana zagayawa. Wanda ya saba in ya yi magana a ce "an gama, ranka ya daɗe", yau sai ya kawo dalili, a saurara, wani ya ce bai gamsu ba. Akwai waɗanda wannan ya fi musu gudun asuba wahala.

Wata rana aka shimfiɗa mana taswirar wani gari na ƙirƙira. Ga kasuwa, ga tasha, ga masallacin Juma'a, ga coci a bayan tashar, ga gada ɗaya tak da ta haɗa unguwanni biyu. Aka ce ranar Juma'a ce, kasuwa na ci, kana da 'yan sanda 30 da mota 2. Sai malami ya ajiye 'yar takarda: an ce an kashe wani yaro ɗan acaba a ƙetaren gada. Bayan minti goma ya ajiye wata: matasa sun fara taruwa a tasha. Bayan wasu goman: 'yan kasuwa na rufe shaguna, an kusa kiran salla.

Ɗaki ya kaure. Wani da ya daɗe a rundunar kwantar da tarzoma ya ce a toshe gada nan take, a tanadi barkonon tsohuwa, a nemi ƙarin mutane daga hedikwata. Wani ya ce toshe gada shi zai tabbatar wa kowa cewa jita-jitar gaskiya ce. Wata jami'a da ta yi aiki a Bauchi ta ce ita wayarta za ta fara ɗauka: sarkin kasuwa, shugaban direbobi, shugaban 'yan acaba, limamin Juma'a, faston cocin, mai unguwar ƙetare. Ta ce liman na da lasifika da jama'ar da suka fi ƙarfin mutum talatin, in ya ce a zauna lafiya a huɗuba ya yi aikin mota goma. Aka tambaye ta in ba ta da lambobinsu fa. Ta ce baturen 'yan sandan da sai ranar tarzoma zai nemi lambar sarkin kasuwa, tun kafin ranar ya riga ya faɗi.

Da aka tara rukunonin duka, malamin ya saurari shirin kowa bai katse ba. Daga ƙarshe ya ɗaga takardar farko ya sake karanta ta, ya tsaya a kan "an ce". Ashe cikin rukunonin, ɗaya ne kawai ya tura mutum asibiti ya gano ko yaron ya mutu. A labarin da malamai suka tsara, faɗuwa ya yi da babur, yana kwance da karaya, yana magana da bakinsa.

A wani garin da sai a ɗauki wannan a matsayin wasan takarda. A Jos ba mai ɗaukarsa haka. Garin ya ga rikicin Satumban 2001, ya ga na Nuwamban 2008 da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya ga na Janairun 2010 da ya taɓa har Bukuru. An yi asarar rayuka masu yawa daga kowane ɓangare, unguwannin da a da ake zaune a cakuɗe suka rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 har yanzu mutanen gari na ba da labarinta da jimami. Duk wanda ya zauna da su zai ji yadda ƙaramar magana kan riga jami'an tsaro isa unguwa.

Ranar Asabar, in an sami sarari, mukan fita gari. Mun je gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, muka ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa. A gefensa akwai filin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya, inda na tsaya ina yi wa maƙwabcina bayanin bakan gizo da azara. Kuzar nan ita ce ta tara Jos tun farkon ƙarni na 20. Ita ta kawo Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauransu suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, ita ta kawo jirgin ƙasa, ita kuma ta bar kududdufan da ke warwatse a kewayen Bukuru da Rayfield, masu ruwa shuɗi da zurfin da ba a wasa da shi. A hanyar Kuru muka wuce Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, inda manyan da suka fi mu, 'yan sanda da sojoji da farar hula, ke zuwa nasu kwas ɗin. Wani ya nuna ƙofar ya ce, "Allah ya kai mu." Aka amsa da amin mai ƙarfi.

A wata rumfa kusa da Bukuru wata dattijuwa 'yar Birom ta zuba mana gwaten acca mai zafi, da ganye da yalo a ciki. Da Hausa muka yi ciniki, da Hausa take yi wa jikarta faɗa, ta ce da Hausa ma suke waƙa a cocinsu. Da ta gane ko mu su wane ne, sai ta ƙara mana ludayi guda.

"'Ya'yana, ku dai in an kira ku, ku zo da wuri. Shi ke nan roƙona."

"In Allah ya yarda, Mama," in ji maƙwabcina.

Dare na karatu ne da rubutu, domin kowa akwai takardar binciken da zai gabatar, ga jarrabawa na jira. Sai dai waya ba ta barin mutum. Mataimaki ya bugo ya ce ga abin da ya faru, mai gari ya bugo, uwargida ta bugo da zancen kuɗin makaranta. Tun ana tsalle a ɗauka har aka fara gane wani abu: ofishin da ba ya iya kwana ɗaya sai an bugo wa mai shi, shaida ce a kan mai shi, domin bai horar da kowa ba. Masu wayar da ta fi yin shiru su ne suka bar ofis a tsare.

In an gaji da takarda sai a fito da kujeru, a sa shayi a wuta, kowa ya ƙudundune cikin bargo. Zancen da ba ya ƙarewa shi ne na 'yan sandan jihohi. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, wadda asalinta ke komawa 1930, lokacin da aka haɗe ta Arewa da ta Kudu. Amma kafin sojoji su haɗe komai bayan 1966, Arewa na da 'yan dokan En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna. Masu goyon baya suka ce ɗan doka ya san kowane lungu da kowane ɓarawo da sunan kakansa, ba kamar wanda aka ɗauko daga nesa ba ya jin yaren gari. Masu adawa suka ce a tambayi tsofaffin 'yan NEPU abin da suka gani a hannun 'yan doka a Jamhuriya ta Farko, sa'an nan a yi tunanin gwamna da rundunarsa a shekarar zaɓe. Ba a taɓa tashi da matsaya ba, amma na lura mutanen da suka zo da ra'ayi a dunƙule sun koma suna cewa "sai dai in an yi kaza da kaza". A ganina wannan ma ci gaba ne.

Ana gab da rufe kwas aka yi liyafar dare ta al'ada, kowa cikin kayan girma, ana zama bisa tsari, ba mai taɓa cokali sai babba ya taɓa. Washegari malamin sindiket ɗinmu ya ba mu aikin ƙarshe, wanda ba ya cikin maki. Ya ce kowa ya rubuta abin da zai sauya a ofishinsa cikin wata ɗaya, da sharaɗin kada ya nemi ko kwabo daga hedikwata. Amsoshin ba su da ado. Wani ya ce kullum da safe, kafin ya zauna, zai leƙa bayan kanta da kansa ya tambayi kowa sunansa da ranar da aka kawo shi. Wani ya ce zai rubuta lambar wayarsa a bango kusa da inda aka rubuta cewa beli kyauta ne. Jami'ar nan ta Bauchi ta ce za ta tsara hutun kurata a rubuce, domin wanda ya kwana uku a tsaye ba a yi masa wa'azin fara'a. Maƙwabcina ya ce zai daina tsawata wa saje a gaban kurtu.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma a cikin jama'a nake zaune: an sha zuwa kwas, an sha dawowa da takardar shaida. Gaskiya ne kwas ba ya zuba mai a mota, ba ya gyara rufin bariki, ba ya ƙara yawan 'yan sanda a ƙauyen da 'yan bindiga suka addaba. Abin da yake iya yi ƙarami ne, amma a wurin da ya dace yake yin sa. Yana ɗaukar mutumin da ya saba a jira shi, ya sa shi ya jira, ya karɓi umarni daga na ƙasa da shi, ya kare ra'ayinsa a gaban waɗanda ba sa tsoronsa. Talaka ba ya haɗuwa da Sufeto Janar, da kofur ɗin kanta yake haɗuwa, kofur kuma yadda ya ga maigidansa na yi haka yake yi.

Saboda haka auna amfanin zuwanmu Jos ba aikin malaman da suka ba mu maki ba ne kaɗai, da ku a ciki. In an kama ɗan'uwanku, ku tambayi laifinsa, ku tambayi ko an rubuta sa'ar da aka kawo shi. In an ce mace ba ta tsayawa beli, ko an riƙe uba don ɗa ya gudu, ko an nemi kuɗin beli, ku nemi ganin baturen 'yan sanda da kansa, ku faɗa masa abin da doka ta ce. An karantar da shi, ya kuma rubuta jarrabawa a kai.